Fararen Ɗigo a Taswirar Layinmu

Ku da kuke ta turo min saƙo wai na cika tsirfa, Allah ya ba ni miji irin Injiniya amma ina ta neman abin faɗa, to ku gyara zama. Ban ga laifinku ba, ni ma da wata ce take ba ni labarin nan haka zan ce mata. Wanda bai san mu ba kuma bari in gajarce masa. Ni ce auta a gidanmu, ina aiki a ofishin da ke sa ido kan motsin ƙasa, mutumin da zan aura kuma injiniya ne a kamfanin haƙar ma'adinai da ke bayan unguwarmu. Ina sonsa. Na faɗa tun yanzu don kada gaba wata ta ce dama can ba na yinsa.

Tun farkon shekarar nan gidanmu yake rawa. Ba wata rawa mai tada hankali ba, kofunan Mama ne da ke cikin kabad ɗin gilashi za ka ji suna haɗa baki, ruwan bokiti ya ɗan yi kyarma, shi ke nan ta wuce. Duk layinmu sun saba. Da an ji sai a ce su Injiniya ne suke fashin dutse, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Da bangon falo ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, Injiniya da kansa ya zo wata Asabar, ya naɗe hannun riga, ya kwaɓa siminti ya cike wurin, ya bi da fenti. Tun daga ranar ba a isa a faɗi laifinsa a gaban Mama ba. Ko baƙuwa aka yi sai ta ja ta gaban bangon ta nuna mata.

To ranar da zan ba ku labari, ina goge gyalena da safe kofunan suka fara. Wannan karon har a tafin ƙafata na ji, wata irin jijjiga gajeriya kamar an ajiye buhu mai nauyi a ɗakin ƙasa, alhali gidanmu ba bene ba ne. Na ɗaga kai. Fentin Injiniya ya dare daidai inda ya cike, garin siminti yana zubowa kan tayil.

"Mama, kin ga bangon nan?"

"Na gani. Zan gaya masa ya sake shafawa."

"Ba maganar shafawa ba ce. Ƙofar ɗakin Baba ma fa sai da kafaɗa take rufuwa yanzu."

"Katako ne ya kumbura." Ko kallona ba ta yi ba, tana ta zuba wa Baba shayi a fulas.

Yayata ta shigo a daidai lokacin, da jaka cike da guntayen yadi da ta karɓo wurin tela don in zaɓi na rigar biki. Ta zube su kan kujera, ruwan zuma da ruwan toka da wani kore mai ƙyalli da ko kyauta aka ba ni ba zan sa ba. Da ta ji abin da muke magana a kai sai ta watsa min harara.

"Malamar girgiza an fara. Ke dai Auta ki yi wa Allah ki bar aikin ofis a ofis. Mutum yana ta hidima da iyayenki, ke kuma kina neman ki ce aikinsa ne yake rushe gida."

"Ni na ce haka?"

"Fuskarki ta ce. Zaɓi yadi."

Na nuna ruwan toka don a rabu lafiya. Ina sa takalmi na ji Mama tana gaya wa Yaya cewa Hajiya, mahaifiyar Injiniya, ta koma gidan 'yarta a ɗaya gefen gari, wai ana yi wa gidanta fenti saboda biki. Gidan Hajiya a ƙarshen layinmu yake, shi ne ma ya fi kusa da katangar kamfani. Na ji maganar, ban ɗauke ta a bakin komai ba, na fita neman mota.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikina, don idan ban yi ba ba za ku gane abin da ya tsinka min zuciya ba. Kada ku damu, ba aji zan buɗe ba.

Muna da na'urori da aka binne a wurare daban-daban kewaye da gari. Ko wacce idan ƙasa ta motsa tana turo mana layi mai hawa da sauka a kwamfuta. Ni abin da nake dubawa shi ne motsin farko-farko. Idan layin ya fara da tashi sama, ƙasa ta turo na'urar ke nan. Idan ya fara da sauka, ƙasa ta jawo ta. Sai in buɗe fayil in jera tashoshin, ko wacce da sunanta, da ɓangaren da take, da harafi ɗaya tak, turi ko ja. Manhajar da muke zana taswira da ita ba irin ta danna hoto ba ce. Baƙin allo ne, sai ka rubuta mata umarni da hannunka, idan ka manta ɗigo ɗaya ta yi maka shiru kamar an ɓata mata rai. Idan ka rubuta daidai kuwa sai ta zana da'ira a wurin da motsin ya faru, ta zuba ɗigo a ciki, baƙi ga tashar da aka tura, fari ga wadda aka ja.

Girgizar ƙasa ta gaske, wadda dutse ke zamewa a jikin dutse, tana tura wasu ne ta ja wasu, sai da'irar ta rabu gida huɗu, baƙi da fari, kamar ƙwallon yara. Nakiya kuwa kowa take turawa waje, sai ka ga ɗigon duk baƙi. Akwai na uku, amma shi a aji kawai na taɓa ganinsa.

Ga inda matsalar take. A ofishinmu duk ƙaramin motsin da ya fito daga ɓangaren kamfani, kwamfuta da kanta take rubuta masa "fashi" ta jefa shi wani kundi da ba mai buɗewa. Haka na tarar ana yi, haka nake yi. Wa zai ɓata lokacinsa yana zana taswirar nakiyar da an san da ita?

Amma na safiyar nan a ƙafata na ji shi. Ina zama, ko jaka ban rataye ba, na shiga kundin na zaro shi. Na bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya ina faɗaɗa farkon layin. Ta farko ƙasa ta fara yi. Ta biyu ƙasa. Na ce to. Ta uku ma ƙasa. Na gama jera su, na rubuta umarnin, na danna.

Da'irar ta fito, ɗigon duk farare, ko baƙi ɗaya babu na rantsuwa.

Dariya ma na fara yi. Na ce Auta kin juya launi, kin ba turi fari kin ba ja baƙi. Kuskure ne da kowa a ofishin ya taɓa yi. Na koma kan umarnin na bi shi harafi harafi, lafiyarsa ƙalau. Na zaro na makon jiya, wanda ya sa agogon bangonmu ya karkace. Farare. Na zaro wani na baya. Farare. Kuma da'irorin ba cikin filin kamfani suke sauka ba, ta wannan gefen katanga suke, gefen gidaje.

Na ukun nan da na ce muku a aji kawai na gani, shi ne idan rami ya rufta a ƙarƙashin ƙasa. Komai cikinsa yake faɗawa, don haka kowa yake ja.

Ina zaune ina kallon allon, wayata ta yi ƙara.

"Malama, ina ƙasa. Sauko ki ci abinci kafin ya huce."

Kun san Injiniya, ko in ce ba ku san shi ba. Mutum ne da zai baro aiki da tsakar rana ya tsallaka rabin gari don kawai na ce masa ban karya ba. Na same shi a mota ya kunna sanyi, da shuɗiyar rigarsa ta aiki, takalmin nan nasa mai nauyi duk ƙura, ga ƙamshin turaren da ni na saya masa. Ya buɗe min robar shinkafa da kaza, ya goge cokali da tishu ya miƙo min. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in bar maganar. Amma wa zan nuna wa idan ba shi ba?

"Injiniya, duba wani abu."

Na miƙa masa wayata da hoton taswirar. Yana tauna yana murmushi ya karɓa. Sai taunar ta tsaya. Ba ta daɗe da tsayawa ba, amma na gani.

"Wayoyin na'urorinku ne a juye," ya ce. "Sama ya koma ƙasa. Fashinmu ne, baƙi ya kamata ya fito."

Abin da ya faɗa yana faruwa, ba ƙarya ba ne. Mai haɗa na'ura yakan juya waya biyu, tasha ta yi ta ba da labari a birkice har shekara ba a gane ba. Amma ni ban gaya masa abin da fari yake nufi ba. Ban ce masa komai ba ma tukuna. Mutumin da kullum yake tsokanata yana kiran da'irorin nan "ƙwallayenki", yana cewa shi bai gane kansu ba, yau kallo ɗaya ya yi ya ba ni amsa.

"Dukkansu a juye?"

"Idan kamfani ɗaya ne ya haɗa muku, me zai hana?" Ya miƙo min wayar. "Kin nuna wa wani?"

"A'a."

"To kada ki nuna tukuna. Kada ki je ki kunyata kanki gaban shugabarki a kan waya biyu. Ci abincinki."

Na kai cokali baki, ban ji ɗanɗanon komai ba. Shi kuma ya canja magana. Wai gidan da ya kama mana a ɗaya gefen gari an gama gyara shi, labule kawai ya rage. Wai me muke jira? Yana so ya je wurin Baba a matso da ranar, ko ƙarshen watan nan ne.

"Ƙarshen watan nan? Ko ɗinki ba a fara ba."

"Ni ba ɗinki zan aura ba." Ya kalle ni, idonsa ya yi wani iri. "So nake ki bar layin nan, Malama. Na gaji da nisa."

Da wata rana ce da na narke. Ranar kuwa gabana ne ya faɗi, don bai ce so yake in zo gidansa ba, cewa ya yi in bar layin.

Na hau bene na koma kujerata. Na so maganarsa ta zama gaskiya, Allah ya sani. Idan wayoyin a juye suke, to ni ce mai kuskure, a yi min dariya a ofis kwana biyu a manta, in zaɓi labule. Abin da nake bukata kawai shi ne motsi ɗaya da na tabbata nakiya ce. Idan shi ma ya fito fari, Injiniya ya yi gaskiya. Sai dai kamfani ba ya ba mu lokutan fashinsa, kundin kuma ya cakuɗa komai.

Sai na tuna da wani saƙo.

Na buɗe hirarmu na yi ta ja da baya. Na wuce hotunan kujeru, na wuce faɗan da muka yi a kan na ƙi ɗaga waya, na wuce "kin ci abinci?" wajen guda ɗari. Can na same shi, na watan jiya, da fuskar dariya a ƙarshe.

"Toshe kunnenki Malama, yanzu za mu tada ɗaya. Wannan taki ce."

Ni kuma a ƙasa na rubuta masa, "Na ji ta a na'ura, sarkin ɓarna." Har da zuciya ja na sa.

Na ɗauki lokacin da ke jikin saƙon na shiga kundin. Ga motsin nan daidai wurin. Na jera tashoshin nan dai, na kwafo umarnin nan dai, ban canja ko harafi ɗaya ba sai sunan fayil. Kafin in danna sai da na yi addu'a, kuma kunya ba za ta hana ni gaya muku ba, addu'ar in ga fari na yi.

Baƙaƙe suka fito, dukkansu, a tsakiyar filin kamfani.

Wayoyinmu lafiyarsu lau. Nakiyarsa baƙa ce. Abin da ke kaɗa kofunan Mama wani abu ne daban.

Ban san lokacin da na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar Dakta ba. Dakta ita ce shugabarmu, dattijuwa mai tabarau da igiya a wuya, wadda idan ta ce maka "ba laifi" to ka yi murna har gida. Ta zo ta tsaya a bayana ta sa hannu a kan kujerata. Ta sa na sake faɗaɗa farkon layukan ta duba da idonta. 

"Kwaso duk na watannin nan," ta ce daga baya. "Masu fari kawai. Ki zuba su a taswira ɗaya, ki sa titunan unguwar a ƙasa. Ki rubuta kwanan wata a gefen ko wanne."

Na rubuta umarnin yatsuna suna kuskure, sau biyu manhajar tana ƙin karɓa. A na uku taswirar ta buɗe. Tsofaffin da'irorin suna jikin katangar kamfani. Na bayansu sun tsallako. Haka suka jeru, farare tas, suna gangarowa kamar sawun mutum, kuma na gane titin da suke bi tun kafin in karanta sunansa. Na safiyar ranar shi ne na ƙarshe a jerin.

"Rufin rami ne yake zubewa kaɗan-kaɗan," in ji Dakta. "Yana cin gaba."

"Amma Dakta, taswirar da kamfani ya ba mu, ramukansu a katanga suka tsaya."

"Taswirar da suka ba mu ke nan."

Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo. Ta ce na'urorinmu ba za su nuna gida kaza ne daidai ba, za a iya samun tazarar 'yan gidaje, kuma ba wanda zai iya cewa yau ne ko baɗi. Ta ce yanzu za ta kira hukumar agajin gaggawa, amma kafin su yi taro su aiko mutane ba ta san kwana nawa ba ne. Sai ta ɗora yatsa kan da'irar ƙarshe.

"Kin san masu gidajen nan?"

"Namu ne, Dakta. Wannan mai kusurwar."

Ta juyo ta dube ni sosai. Tunda nake da ita ban taɓa jin ta kira ni da wani abu ba sai sunan aiki.

"'Yata, buga wannan a takarda ki tafi gida. Kada iyayenki su kwana a ciki. Ki gaya wa maƙwabta ma, idan sun zage ki ki ce ni na aiko ki."

A mota na yi ta kiran Mama ba ta ɗaga ba, wayarta kullum tana ƙarƙashin filo. Ta Baba a kashe. Na kira Yaya ta katse, ta turo min saƙo, "Muna da baƙo, ki yi sauri, albishir." Na ninke takardar na tura a jaka na rungume ta a ƙirji.

Da gangan na sauka a ƙarshen layi, ta wajen gidan Hajiya. Rana ta yi sanyi, yara suna ta buga ƙwallo a kan titi, daidai inda ɗigon nan suka bi. Gidan yana kulle da ƙaton kwaɗo. Na leƙa ta ramin ƙofa. Ba bokitin fenti, ba tsani, ba ko tsohuwar jarida a ƙasa. Tagogin ba labule. Tukwanen furen da Hajiya take ji da su kamar jikoki babu ko ɗaya, sai zagayen da suka bari a siminti.

Mai shagon da ke kallon gidan ya gaishe ni.

"Amarya, Hajiya kike nema? Ai ta tashi."

"An ce fenti ake yi."

"To, ni dai ban ga mai fenti ba. Babbar mota na gani, har tankin ruwa aka ɗora. Injiniya da kansa ya tsaya aka kwashe."

"Yaushe?"

"An kwana biyu. Tun kafin ya zo ya gyara muku bango."

Na yi masa godiya. Na kama hanyar gida. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne ranar Asabar ɗin nan, yana durƙushe a falonmu da cokalin siminti, Mama tana yi masa fifita tana sa masa albarka. Ashe a lokacin ya riga ya kwashe tasa uwar.

Motarsa tana ƙofar gidanmu. Na lura ya juya ta, hancinta yana kallon hanyar fita.

Na yi sallama na shiga. Falon ya sha turaren wuta, an fito da kofunan baƙi daga kabad. Baba yana kan kujerarsa da farar riga, yana ta fara'a. Injiniya yana zaune a ƙasa kan kafet, ya sauya kaya, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Yaya ta tare ni tun daga ƙofa tana rawar kafaɗa.

"Ƙarshen wata, yarinya. Baba ya amince. Gobe da sassafe za mu wurin tela."

"Zo ki zauna, Auta," in ji Baba. "Yaron nan ya zo da magana mai kyau. Ya ce ba ya son jan lokaci, ni ma ban ga amfanin ja ba."

Mama tana gefe tana share ido da bakin mayafi, ranta fari ƙal. Na dube su su biyun. Baba da ya gina gidan nan ɗaki ɗaki, Mama da ta ce ko gawarta daga nan za a ɗauka. Ƙarshen wata za a kai ni ɗaya gefen gari, inda Hajiya take. Su kuma a bar su da bango mai sabon fenti.

Ban zauna ba. Na ce, "Injiniya, wane launi aka yi wa gidan Hajiya?"

Ya ɗago. Yaya ta mintsine ni a hannu.

"Wace irin tambaya ce wannan ana maganar arziki?" in ji Mama.

Bai samu ya amsa ba, kofunan da suka rage a kabad suka fara. A hankali da farko, sannan shayin da ke gaban Baba ya fantsalo kan faranti. Na ji bugun nan a tafin ƙafata, ya fi na safe. Garin siminti ya zubo daga tsagar, wani tayil kusa da ƙafar kujera ya yi ƙara ya rabe biyu.

Mama ta yi dariya. "Ka ji mutanenka, ko kana nan ba sa hutawa."

Shi bai yi dariya ba. Bai kalli bango ba, bai kalli rufi ba, ƙasa ya kalla. Kafin in ƙifta ido ya miƙe, makullin mota a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya damƙi wuyan hannuna a gaban Baba, mutumin da ko ido ba ya haɗawa da ni idan Baba yana wurin. Ya ja ni sai da na yi taku biyu wajen ƙofa.

"Fito," ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah fito."

Ni kaɗai ya ja.

Rawar ta tsaya. Kowa a falon yana kallon hannunsa a kan nawa. Na zare hannuna a hankali. Ina sonsa a lokacin, ku sani, kuma ban taɓa jin tsoron mutum kamar yadda na ji nasa ba.

Na buɗe jaka na ciro takardar, na warware ta na ɗora a kan gwiwar Baba.

"Baba, wannan layinmu ne. Wannan gidanmu ne. Fararen nan kuma shi zai gaya muku ko mene ne, ya fi ni sani." Na juya wajensa. "Na duba wayoyin, Injiniya. Da saƙonka na duba."

"Auta, ba ki da hankali ne?" in ji Yaya, amma muryarta ta mutu.

Injiniya ya dubi takardar. 

"Ba ni da izinin magana," ya ce. "An ce mana ana kan cike wurin. Na ɗauka za a gama kafin..."



Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallon takardar. Ya bi ɗigon da yatsa tun daga katanga, ya wuce gidan Hajiya, ya zo kan namu ya tsaya. Sannan ya cire tabarau ya ninke, ya dubi mutumin da ya gama ba wa 'yarsa ɗazun nan. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, me ke ƙarƙashin gidana?"

A cikin kabad, ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kofi ɗaya ya sake fara kaɗawa.